Malam Abdullahi ɗan Fodiyo: Malamin da Ya Bar Runduna Saboda Gaskiya

Mu da ke shiga mota daga Shagari zuwa Sakkwato, sau nawa muka ratsa Boɗinga ba mu ko ɗaga kai ba? Alhali a garin nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu kuma wazirinsa, ya zauna yana rubutu lokacin da Shehu ke Sifawa.

An haife shi wajajen 1766. Ya yi karatu wurin yayansa da Malam Jibrila ɗan Umaru, ya ƙware a tafsiri, fikihu, nahawu da waƙar Larabci. A 1804 shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto aka ci Gobirawa.

To, amma fa ba yaƙin ne ya sa na zaɓe shi ba. A 1807, ana kan hanyar yaƙar Alkalawa, ya duba jama'ar ya ga salihai da yawa sun kwanta dama, wasu da suka rage kuwa hankalinsu ya koma kan ganima, dawakai da sarauta. Kalmar adalci tana bakin kowa, aikinta ya yi ƙaranci. Sai ya sulale da 'yan mutane kaɗan, ya nufi Makka.

Wannan tafiya ta tayar da tambayar da muke gardama a kanta a ɗakin kwana: ra'ayi na iya tsayuwa shi kaɗai, ba ruwansa da halin masu ɗauke da shi? A wurin Malam, gaskiya tana nan ko an gan ta ko an rufe ido. Sai dai ba ta hana zalunci a kasuwa sai ta samu mai hali.

A Kano mutane suka roƙe shi ya tsaya. Ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya dawo gida. A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello, Malam ya koma Gwandu. Bayan Bello ya kawo masa ɗauki a Kalambaina, ya yi masa mubaya'a, ɗan ɗan'uwansa ne fa. Ya rasu a Gwandu a 1829.

'Yan'uwa ɗalibai, duk zaɓen ƙungiya muna jin manufofi masu daɗi. Kafin ka tafa wa takarda, dubi hannun da ke riƙe da ita. Allah Ya jiƙan Malam.