Elijah McCoy: Mutumin da ya sauƙaƙa wa jirgin ƙasa tafiya

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani baƙar fata da ya ƙare rayuwarsa yana neman hanyar rage gogayya tsakanin ƙarafa.

Duk inda abubuwa biyu suka haɗu suna guga, akwai ƙarfin da ke hana su zamewa, shi ake kira gogayya. Shi ya sa ƙanenmu ke sulalewa da sauri a kan ƙarfen zamiya mai santsi na filin wasa, amma idan ya yi tsatsa sai yaro ya maƙale. A cikin inji kuwa, gogayya na haifar da zafi, tana kuma cinye ƙarfe.

An haifi Elijah McCoy a wajajen 1844 a garin Colchester na ƙasar Kanada. Iyayensa bayi ne da suka gudo daga jihar Kentucky ta Amurka. Yana da shekara 15 suka tura shi birnin Edinburgh na Scotland, inda ya koyi aikin injiniya. Da ya dawo ya zauna a jihar Michigan, amma saboda launin fatarsa bai samu aikin da ya dace da iliminsa ba. Sai kamfanin jirgin ƙasa na Michigan Central ya ɗauke shi yana zuba gawayi a tukunyar inji, yana kuma ɗiga wa ƙarafa mai.

A wancan zamani dole a riƙa tsayar da jirgi a hanya, a sauko a zuba mai da hannu, in ba haka ba ƙarafan su yi zafi su lalace. McCoy bai raina wannan aiki ba, ya lura da shi sosai. A 1872 ya samu takardar mallakar wata 'yar na'ura mai kama da kofi, wadda ke ɗiga mai kaɗan-kaɗan a kan sassan inji alhali yana cikin tafiya. Da haka aka rage tsaye-tsaye da ɓata lokaci. A 1916 ya fito da wata da ke haɗa mai da garin baƙin da ke cikin fensir, domin injina masu tsananin zafi. Gaba ɗaya ya samu takardun mallakar ƙirƙira 57, har da teburin guga mai naɗewa. Duk da haka sai a 1920 ya iya kafa kamfanin kansa. Ya rasu a 1929 kusa da birnin Detroit.

Kada mu ɗauka gogayya abokiyar gaba ce kullum. Jirgin da ake zuba wa mai a inji, shi ne kuma ke watsa yashi a kan layin dogo domin ƙafafunsa su kama idan an yi ruwa. Haka muke ɗiga mai a sarƙar keke, amma ba mu yarda ya taɓa birki ba. Idan an goge dandamalin aji da ruwa, mu bari ya bushe kafin mu taka.

McCoy yana da takardar injiniya, aka ba shi shebur da gwangwanin mai, kuma daga nan ƙirƙirarsa ta fito. Mu ma duk aikin da aka ba mu, ko shara ce ko gyaran benci, mu yi shi da lura da tunani. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa.