Étienne Oehmichen: mai haɗa fitilar mota da ya kewaya fili da jirgi mai farfela huɗu

Ɗan jirgin nan marar matuƙi mai farfela huɗu, wanda masu ɗaukar hoton biki ke tayarwa a Yamai da Zinder da Kano, da yawanmu mun ɗauka jiya-jiya aka ƙirƙiro shi. To, kakansa ya kai shekara ɗari. Ranar 4 ga Mayun 1924, a wani fili da ke Arbouans, kusa da garin Montbéliard a gabashin Faransa, wani injiniya ya hau wata na'ura mai manyan farfela huɗu, ya tashi da ita, ya yi zagayen kilomita ɗaya, ya dawo ya sauka daidai inda ya tashi. Tafiyar ta ci minti 7 da daƙiƙa 40. Mai keke ma zai riga shi. Amma kafin wannan rana babu wani jirgi mai saukar ungulu da ya taɓa yin haka a duniya. Sunan mutumin Étienne Oehmichen.

An haife shi ranar 15 ga Oktoban 1884 a Châlons-sur-Marne. Ya yi karatun injiniya a École Centrale ta birnin Paris, ya gama a 1908. Aikinsa na farko ba na jirgi ba ne, na lantarki ne. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga kamfanin Peugeot, wanda tsofaffin direbobinmu suka san motocinsa ciki da waje. A zamanin, fitilar mota da iskar gas take aiki, irin ta masu walda, sai direba ya sauko ya kunna ta da ashana. Oehmichen yana cikin waɗanda suka yi aikin dinamo da zai ba mota wutar lantarki daga injinta. Wato dai mutumin da waya da fitila ya fara cin abinci.

Da yaƙi ya zo, ya yi aiki a kan tankokin yaƙi. A 1917 kuma ya yi rajistar wata fitila da ake kira sitoroboskop. Aikinta walƙiya ne: tana kunnuwa tana mutuwa da sauri ƙwarai. In aka daidaita walƙiyar da juyin wani abu, misali farfela, sai ido ya ga abin kamar a tsaye yake, alhali gudu yake yi. Da wannan, da kyamarar da ya haɗa mai ɗaukar hoto 1,000 a daƙiƙa ɗaya, ya zauna yana kallon fikafikan tsuntsaye da ƙwari. A 1920 ya fitar da littafi, Nos maîtres les oiseaux, ma'ana tsuntsaye su ne malamanmu. A ganinmu nan ne asirin mutumin: kafin ya gyara abu, sai ya nemi hanyar da zai gan shi da idonsa tukuna.

Jirginsa na farko, a 1921, farfela biyu gare shi da ɗan inji mai ƙarfin doki 25. Ƙarfin bai isa ba, kuma jirgin ba ya tsayawa daidai. Sai ya ɗaura masa balan-balan cike da iskar haidurojin a sama, ta rage masa nauyi, ta kuma riƙe shi kada ya kife. Ya tashi, amma da taimakon balan-balan.

Na biyun shi ne abin magana. Ƙarafa ne aka haɗa kamar gicciye, kowane hannu da babbar farfela a ƙarshensa, inji guda a tsakiya, matuƙi na zaune kusa da shi. Ya fara tashi ranar 11 ga Nuwamban 1922. Ba shi ya fara tunanin farfela huɗu ba. Tun 1907 ƴan'uwan nan Breguet sun ɗaga irinsa daga ƙasa, sai dai mutane ne ke riƙe da shi ta kowace kusurwa don kada ya faɗi. A Amurka ma George de Bothezat ya tayar da nasa a Disamban 1922, amma sojoji suka watsar da aikin.

Me ya sa abin yake da wuya haka? Duk wanda ya taɓa riƙe injin huda ƙarfe ya san yadda yake murɗa hannu. Haka farfela take: in ta juya dama, gangar jikin jirgin sai ta nemi juyawa hagu. Maganin shi ne biyu su juya dama, biyu su juya hagu, murɗar ta kashe juna. Sa'an nan dole huɗun su ɗaga daidai wa daida. Ɗaya ta ɗara da kaɗan, jirgi ya karkata. Oehmichen inji ɗaya yake da shi, ba shi da yadda zai ƙara wa wannan gudu ya rage wa waccan nan take. Don haka sai ya yi dabarar lanƙwasa fikafikan farfelar, ya kuma ƙara ƙananan farfela takwas: biyar na daidaita shi, ɗaya a hanci ta juya shi, biyu na tura shi gaba. Farfela goma sha biyu ke nan a kan inji guda, kuma ƙwaƙwalwar mutum ɗaya da hannuwansa biyu ke lura da su duka.

Yau wannan aikin wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba yake yinsa, yana auna karkata, yana ba kowane inji umarni sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Amma ciwon bai canza ba. Yaron da yayansa zai aiko masa da kayan haɗin duron daga Legas ko Aljeriya, ya haɗa, ya ga jirgin ya tuntsure tun bai bar ƙasa ba, sau da yawa ɗayan biyu ne: ko wani inji yana juyawa baibai, ko an sa farfelar dama a gurbin ta hagu. Injinan da ke kallon juna ta kusurwa su ne ke juyawa gefe ɗaya. Irin injin nan mai waya uku, in yana juyawa baibai, a musanya biyu daga cikin ukun, shi ke nan ya gyaru. In kuwa yana kakkarwa bai juya ba, a duba dalmar da aka liƙa wayoyin da ita kafin a ce ya ƙone. A nan wajenmu kuma a duba rairayi da ƙurar ƙarfe, don maganaɗisun da ke cikin injin yana jawo ta. Kuma don Allah, duk gwajin da za a yi a ɗaki, a cire farfela. Tana yanka yatsa.

Fitila ma haka. Ƙananan fitilun nan suna da ƙafar da wuta ke shiga da wadda take fita, in aka juya ba za su kama ba. Yawancinsu wuta kaɗan suke ɗauka, in aka jona su kai tsaye da batirin jirgi sai su yi haske sau ɗaya su mutu. Amfaninsu ba ado ba ne kawai: launin gaba daban, na baya daban, shi ke nuna wa mai tuƙi inda hancin jirgin yake in ya yi nisa.

Mu koma ga mutuminmu. Ranar 14 ga Afrilun 1924 ya yi tafiyar mita 360, hukumar wasannin jiragen sama ta duniya ta rubuta ta a matsayin bajinta ta farko ta jirgi mai saukar ungulu. Kwana huɗu bayan haka abokin takararsa Raúl Pescara ya yi mita 736. Sai kuma zagayen nan na 4 ga Mayu, wanda ya kawo wa Oehmichen kyautar faran 90,000 na Faransa ta wancan zamani. Jirgin ya tashi fiye da sau dubu a gwaje-gwaje, kullum ƴan mitoci kaɗan daga ƙasa.

Wannan ƴar tazara ba abin raini ba ce. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen mota, shi ma bai wuce kimanin mita biyu daga ƙasa ba. Mu a jihar Diffa, wanda zai iya haɗa ƙaramin duron da hannunsa yana da aikin yi: duba inda Komadugu ta ɓalle kafin ta ci gonakin tattasai, ko neman garken da ya ɓace tsakanin tuddan rairayin Fulatari. Sai dai yankinmu ya shiga dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015, kuma abin da ke shawagi a sama a nan ba a yi masa kallon wasa. Iyaye su tabbata an nemi izinin hukuma kafin yaro ya tayar da ko da ƙarami ne.

Oehmichen kansa bai gamsu da jirginsa ba. Tsoron kifewa bai bar shi ba, har ya sake komawa ga balan-balan: a 1931 ya fito da Hélicostat, rabi balan-balan rabi jirgi mai farfela. A nan muna ganin ya kauce hanya, don duniya ta bi wani tsari dabam, na babbar farfela guda a sama da ƙarama a wutsiya, wanda Igor Sikorsky ya fara tayarwa a Amurka a 1939. Tsarin farfela huɗu kuwa ya yi ta jira har sai da aka samu ƙananan injinan lantarki da batiri marar nauyi.

A wannan shekara ta 1939 aka ba shi kujerar farfesa a Collège de France, inda ya koyar da yadda inji da halittu suke tashi sama. Ya riƙe ta har rasuwarsa a Paris ranar 10 ga Yulin 1955, yana da shekara 70. An binne shi a Arbouans, garin da ya yi zagayen kilomita ɗayan.