Abdullaɗif al-Bagadadi, malamin da ya gyara kuskuren Jalinusa a kan ƙashin muƙamuƙi

Kusan shekara dubu likitoci suna karantar da ɗalibansu cewa muƙamuƙin mutum na ƙasa ƙashi biyu ne da suka haɗu a haɓa. Haka Jalinusa, babban likitan Girkawa, ya rubuta, kuma a fannin likitanci maganarsa ita ce ƙarshen magana. Wanda ya tabbatar da cewa kuskure ne shi ne Muwaffaƙuddin Abdullaɗif ɗan Yusuf al-Bagadadi, malamin nahawu da hadisi da likitanci, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Bagadaza a shekara ta 557 Hijira, daidai da 1162 Miladiyya, a gidan ilimi. Mahaifinsa masanin hadisi ne da ƙira'o'in Alƙur'ani. Tun yana yaro aka zaunar da shi a gaban malaman hadisi, ya haddace Alƙur'ani, ya karanci fiƙihun Shafi'iyya, sannan ya ƙware a nahawu a hannun Kamaluddin al-Anbari. A 585 Hijira ya fita neman ƙarin ilimi. Ya zauna a Mausil, ya wuce Dimashƙa, ya ziyarci sansanin Sarki Salahuddin al-Ayyubi a kusa da Akka, inda waziri Alƙali al-Fadil ya ba shi takardar shiga Alƙahira. Daga baya ya sadu da Salahuddin a Ƙudus, sarkin ya yanka masa albashi domin ya karantar a babban masallacin Dimashƙa. Bayan rasuwar Salahuddin a 589 Hijira ya koma Alƙahira, yana karantarwa a masallacin Azhar, ɗaliban likitanci kuma suna ɗaukar karatu a wurinsa.

Yana can ne Kogin Nilu ya ƙi cika, noma ya lalace, yunwa da annoba suka auka wa Masar a 597 da 598 Hijira, wato daga 1200 zuwa 1202. Mutane suka mutu har binnewa ta gagara. Abdullaɗif ya rubuta abin da ya gani a littafinsa Al-Ifada wal I'itibar, wanda ya kammala a shekara ta 600 Hijira.

A cikin littafin ya ba da labarin yadda ɗalibansa ke shan wuya wajen fahimtar bayanin Jalinusa a kan ƙasusuwa, domin karatu ne na abin da ba su taɓa gani ba. Sai aka ba shi labarin wani tudu a Maƙs, a gefen Alƙahira, inda ƙasusuwan mamata suka taru. Ya tafi da ɗalibansa, suka tarar da ƙwarangwal da ya ƙiyasta sun haura 20,000. Suka duba siffar ƙasusuwan da gaɓoɓinsu da yadda suke haɗuwa. Da ya zo kan muƙamuƙin ƙasa, bai ga wata mahaɗa a haɓa ba. Bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya duba ƙoƙon kai sama da 2,000, ya kuma sa wasu mutane su duba, a gabansa da bayan idonsa. Kowa ya dawo da amsa ɗaya: ƙashi guda ne. Haka kuma ƙashin tsatso da ke ƙarshen gadon baya, wanda Jalinusa ya lissafa a matsayin ƙasusuwa da dama, ya same shi dunƙule a mafi yawan waɗanda ya duba.

Bai zagi Jalinusa ba, bai kuma rage masa daraja ba. Ya yaba ƙwarewarsa da taka-tsantsan ɗinsa, amma ya tsaya a kan cewa a sha'anin halittar jiki abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji ƙarfi.

Ilimin yau ya bayyana inda kuskuren ya fito. Jalinusa dabbobi yake feɗewa, ba mutane ba, kuma a dabbobi da yawa muƙamuƙin ɓari biyu ne. Jaririn ɗan Adam ma da ɓari biyu ake haihuwarsa, sai su manne su zama ɗaya a wajen shekararsa ta farko. Ƙashin tsatso kuwa ƙasusuwa biyar ne da ke haɗewa yayin da mutum ya girma. Shi ya sa jariri ya fi babba yawan ƙasusuwa, babba kuma yana da 206. A Turai sai a 1543 likita Besaliyus ya buga littafin da ya gyara wannan kuskure na muƙamuƙi, fiye da shekara 300 bayan Abdullaɗif.

Bayan barinsa Masar ya karantar a Ƙudus da Dimashƙa da Halab, ya yi shekaru a Arzinjan da ke ƙasar Turkiyya ta yau. Bai bar hadisi ba, domin yana da sharhi a kan hadisai arba'in na magani da aka tsamo daga Sunan na Ibnu Majah. Da tsufa ya zo, ya yi niyyar aikin Hajji ta hanyar Bagadaza, amma rashin lafiya ta kama shi a can. Ya rasu a watan Muharram na 629 Hijira, daidai da Nuwamba 1231, aka binne shi kusa da mahaifinsa.

Tarihinsa ya shafi gidajenmu. A garuruwa irin su Tsaskiya da sauran ƙauyukan Safana da Batsari, idan yaro ya faɗo daga bishiya ko magidanci ya faɗi a babur, wurin mai ɗori ake fara nufa, kuma sana'a ce ta gado mai daraja. Ƙashi abu ne mai rai, kuma Allah ya hore masa ɗinke kansa: jini ya daskare a wurin karayar, tsiro mai laushi ya haɗa ɓangarorin, ya taurare ya zama ƙashi cikin makonni. Aikin mai ɗori ko likita shi ne daidaita ɓangarorin da hana su motsi. Sai dai hannu laluba yake yi, hoton ƙashi kuwa nunawa yake yi. Idan ƙashi ya huda fata, ko karayar ta shafi gaɓa ko ƙugu ko gadon baya, ko yatsu suka yi sanyi, suka mutu ko suka fara baƙi bayan ɗauri, to a sassauta ɗaurin a garzaya asibiti a ranar, domin ɗauri mai tsanani yana tsayar da jini har a rasa hannu ko ƙafa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano domin irin wannan aka gina shi.

Abdullaɗif ya girmama magabata, ya kuma je ya duba da idonsa. Allah ya gafarta masa, ya amfane mu da iliminsa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.