Sophie Blanchard, matar da ta mayar da hawan balan-balan sana'a

Yau tarihi ya kai mu Faransa. An haifi Sophie a shekarar 1778 kusa da garin La Rochelle. Mace ce ƴar siririya mai saurin firgita, ko ƙarar keken doki tana tayar mata da hankali. Amma da ta shiga kwandon balan-balan aka sako igiya, sai ka ce ba ita ba.

Mijinta Jean-Pierre Blanchard ne ya fara ɗaukar ta sama a 1804. Da ya rasu a 1809 bashi ya bar mata, ba gado ba. Sai ta ci gaba da tashi ita kaɗai, mutane suna biyan kuɗi su kalla, har ta biya bashin. Napoleon ya naɗa ta mai tashi a bukukuwan gwamnati, da mulki ya koma hannun Sarki Louis na 18 shi ma bai sallame ta ba.

Da dare ta fi son tashi, tana kunna wasan wuta daga sama, alhali balan-balan ɗin cike yake da iskar haidurojin mai saurin kama wuta. Gaskiya wannan ganganci ne. Ran 6 ga Yuli 1819, a lambun Tivoli na birnin Paris, wuta ta kama shi. Kwandon ya bugi rufin wani gida, ta faɗo kan titi ta rasu, tana da shekara 41. A maƙabartar Père-Lachaise aka binne ta.