Harald Bluetooth: Sarkin Denmark da sunansa ke cikin wayarka

Duk wanda ya taɓa tura waƙa ko hoto ta Bluetooth ya yi amfani da sunan wani sarki da ya mutu fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Sunansa Harald, ɗan Sarki Gorm da Sarauniya Thyra. Ya gaji mahaifinsa wajen shekarar 958 a Jelling, wani ƙaramin gari a yankin Jutland na ƙasar Denmark. Ana kyautata zaton wani haƙorinsa da ya yi duhu ne ya jawo masa laƙabin mai shuɗin haƙori.

A lokacin yawancin mutanen Denmark na bautar gumakan gargajiya, yayin da maƙwabcinsu na kudu, Sarki Otto na Jamus, Kirista ne mai ƙarfin soja. Wajen shekarar 965 Harald ya karɓi Kiristanci. Wani marubucin zamanin ya ce ya yi hakan ne bayan wani limamin coci mai suna Poppo ya riƙe jan ƙarfe daga wuta bai ƙone ba. Masana tarihi da dama kuma na ganin dabara ce ta toshe wa Jamusawa hujjar kawo masa yaƙi.

A Jelling ya kafa wani ƙaton dutse, aka sassaƙa cewa shi ne ya mallaki Denmark baki ɗaya da Norway, ya kuma mayar da mutanensa Kiristoci. Kusa da dutsen akwai cocin da aka gina wajen shekarar 1100, a kan wurin da gine-ginen katako suka taɓa tsayawa.

A 1978 masu tono suka gano ƙasusuwan wani mutum a ƙarƙashin cocin. Da yawa sun yi imanin na Gorm ne, wanda ɗansa ya ɗauko daga tudun da aka binne shi bisa al'adar gargajiya.

Ƙarshen Harald bai yi daɗi ba. Ɗansa Sweyn ya yi masa tawaye, ya rasu wajen shekarar 986 bayan ya rasa karagarsa.

A 1994 UNESCO ta sanya Jelling cikin wuraren tarihi na duniya. A 1997 kuma injiniyan kamfanin Intel, Jim Kardach, ya ba sabuwar fasahar haɗa na'urori laƙabin sarkin, saboda ya haɗa kan ƙasa. Tambarin da ke fuskar wayarka haruffa biyu ne na tsohon rubutun yankin, H da B, a haɗe.