Franz Nopcsa: Basaraken da ya gano sirrin ƙananan dainoso, ya kuma nazarci ƙasusuwan Sakkwato

A shekarar 1925, Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wadda ke hannun Turawan mulkin mallaka a lokacin, ta wallafa wata maƙala kan tsofaffin ƙasusuwan dabbobi masu jan ciki da aka tono a lardin Sakkwato. Marubucinta shi ne Franz Nopcsa, basarake ɗan ƙasar Hangari.

An haife shi a 1877 a yankin Taransilbaniya, ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. A 1895 ƙanwarsa Ilona ta tsinci wasu baƙin ƙasusuwa a gandun gidansu da ke yankin Hateg. Tsintuwar nan ce ta sa ya karanci ilimin duwatsu a Jami'ar Biyana, kuma yana ɗan shekara 22 ya bayyana wa masana sabon nau'in dainoso.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ƙanƙantar dabbobin Hateg. Wanda ake kira Magyarosaurus a yau bai wuce mita 6 ba, alhali danginsa na Kudancin Amurka sun kai mita 30. A 1914 ya ba da amsa: kimanin shekara miliyan 70 da suka shuɗe, Hateg tsibiri ne, kuma inda abinci ya yi ƙaranci, mai ƙaramin jiki ne ke rayuwa har ya bar zuriya. Masu ja da shi suka ce ƙasusuwan 'ya'ya ne. Sai a 2010 binciken cikin ƙashin ya tabbatar da cewa dabbobin sun gama girma.

Siyasa ba ta yi masa rana kamar kimiyya ba. Ya yi shekaru yana yawo a duwatsun Albaniya, ya koyi harshensu, har ya nemi gadon sarautar ƙasar a 1913 bai samu ba. Ya yi wa daularsa leƙen asiri a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da daular ta rushe, Taransilbaniya ta koma hannun Romaniya, ya rasa gandunsa. Talauci da rashin lafiya suka yi masa rubdugu. A ranar 25 ga Afrilu, 1933, a Biyana, ya harbe sakatarensa Bajazid Doda, sannan ya kashe kansa.

Aikin Sakkwato bai mutu tare da shi ba. A 1930 William Swinton ɗan Birtaniya ya yi nazarin ƙasusuwan lardin, a 1972 kuma masana 'yan Italiya suka raɗa wa wata dabbar teku suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Wato inda ake noman albasa a yau, a da teku ne ya malale shi.

Ɗan Hangari, ɗan Birtaniya, 'yan Italiya: baƙi ne suka rubuta babin farko na wannan tarihi. Ko ɗan ƙasa zai rubuta na gaba, ya danganta da abin da gwamnatocinmu ke ware wa bincike a jami'o'i.