Joe Ossanna

Joseph Frank Ossanna, Jr., wanda aka fi sani da Joe Ossanna (an haife shi ranar 10 ga watan Disamba, 1928, ya mutu ranar 28 ga watan Nuwamba, 1977), injiniyan lantarki ne kuma marubucin manhajar kwamfuta ɗan ƙasar Amurka. Ya yi aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Murray Hill a jihar New Jersey, kuma yana cikin mutanen farko da suka kafa tsarin Unix tare da Ken Thompson da Dennis Ritchie da Doug McIlroy. An fi tunawa da shi saboda manhajoji biyu na tsara rubutu, nroff da troff. Ta farko tana fitar da rubutu zalla don allo ko firinta, ta biyu kuma tana shirya shafi don ɗab'i. Da harshen umarnin da ya tsara musu ake rubuta shafukan jagora na Unix da Linux har yau, waɗanda ake buɗewa da umarnin man.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Ossanna a birnin Detroit na jihar Michigan. Ya karanci injiniyancin lantarki a jami'ar birnin da yanzu ake kira Wayne State, inda ya samu digirinsa na farko a shekarar 1952.

Aiki kafin Unix

Ba da harkar rubutu ya fara aiki a Bell Labs ba. Ya yi aiki a kan na'urorin ƙara wa sigina ƙarfi, da lissafin inda za a juya eriya don ta fuskanci tauraron ɗan'adam, da kuma matsalar dusashewar siginar rediyo a cikin mota mai tafiya. A 1964 ya wallafa maƙala a mujallar fasaha ta kamfanin Bell a kan yadda gine-gine ke mayar da sigina su haddasa wannan dusashewa. Ya kuma shiga harkar gudanar da cibiyar kwamfuta ta Murray Hill.

Daga nan ya shiga aikin Multics, babban tsarin da jami'ar MIT da kamfanin General Electric da Bell Labs suka haɗu don ginawa, wanda zai bai wa mutane da yawa damar amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Ɓangaren Ossanna shi ne shigar da bayanai da fitar da su, wato yadda haruffan da mutum ya buga daga nesa ke isa kwamfuta su dawo. Ya rubuta maƙala a kan haka a 1965 tare da wasu abokan aiki biyu, sannan a 1970 ya rubuta wasu tare da Jerome Saltzer na MIT. Saltzer ɗin nan shi ne ya rubuta RUNOFF a 1964, manhajar da nroff da troff suka samo asali daga gare ta.

Yadda aka samu kwamfutar Unix

Bell Labs ta janye daga Multics a 1969, aikin ya yi tsada kuma ya ƙi ƙarewa. Ossanna da Thompson da Ritchie suka shafe wannan shekarar suna roƙon shugabanni su saya musu kwamfuta matsakaiciya don su gina nasu tsarin, ba a amince ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: shugabannin ba su da niyyar sake zuba kuɗi a irin aikin da suka fito daga cikinsa. Thompson ya koma kan wata tsohuwar na'ura, PDP-7, ya fara rubuta abin da ya zama Unix.

A farkon 1970 aka sauya salon roƙon, kuma Ritchie ya rubuta daga baya cewa Ossanna ne ya fi tura wannan shawara. Maimakon a nemi na'ura don binciken tsarin kwamfuta, sai aka nemi ƙaramar PDP-11 ta kimanin dala 65,000 don gina tsarin gyara rubutu da tsara shi. Wannan ma bai wuce nan take ba, sai da McIlroy da Lee McMahon, shugabannin sassa biyu, suka sa baki. An yi odar na'urar a watan Mayu na 1970.

Masu amfani na farko su ne sashen rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Bell Labs, wanda a lokacin yake duba wani tsari na kasuwa don buga takardunsa. Abu biyu suka sa ƴan Unix suka yi nasara. Na'urar Teletype samfuri na 37 da suke amfani da ita tana iya buga yawancin alamomin lissafi, sannan cikin gaggawa suka koya wa manhajar roff sanya lamba a layukan shafi, abin da ofishin rajista na gwamnatin Amurka ya wajabta, tsarin kasuwar kuma ya kasa yi. A rabin ƙarshe na 1971 masu buga rubutu uku na wannan sashe suna aiki kullum a kan na'urar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce kilobait 24 ba, faifan ajiyarta kuma rabin megabait, alhali masu bincike suna gwada sababbin manhajoji a kanta, kowane gwaji yana iya tsayar da komai. Duk da haka sashen ya karɓi tsarin, kuma wannan ne ya sa aka yarda a saya wa ƙungiyar babbar na'ura, PDP-11/45. Littattafai kan ba da labarin Unix ta bakin Thompson da Ritchie, kuma sun cancanta, amma da wuya tsarin ya samu wurin zama a 1970 ba don dabarar Ossanna ba.

nroff da troff

Manhajar roff da aka yi wa sashen rajista aiki da ita ta biyo doguwar hanya: daga RUNOFF na Saltzer, zuwa wadda McIlroy ya rubuta da harshen BCPL, zuwa PDP-7, sannan PDP-11. Dabararta ɗaya ce. Mutum yana buga rubutunsa a fayil, yana saka umarni a layukan da suka fara da ɗigo. Layin .ce yana sa layi na gaba a tsakiya, .sp yana barin sarari, .br yana yanke layi. Manhajar sai ta cika layuka, ta daidaita gefe, ta raba shafuka.

A 1972 Ossanna ya rubuta nroff, ma'ana sabuwar roff. Bambancinta shi ne ana iya koya mata sababbin umarni. Da .de mutum zai haɗa jerin umarni ya ba su suna ɗaya, abin da ake kira makiro. Akwai ma'ajiyar lambobi, akwai sharaɗi na in kaza ne a yi kaza, akwai kuma abin da ya kira tarko: a dasa umarni a wani wuri a shafi, duk lokacin da rubutu ya iso wurin sai umarnin ya tashi. Saboda haka nroff ba ta zo da kanun shafi ko bayanin ƙasan shafi a shirye ba, da tarko ake gina su. Wannan ya sa ta yi wa mai koyo wuya, ya kuma sa ana iya yin kusan kowane irin shafi da ita.

A 1973 Bell Labs ta samu na'urar ɗab'i mai suna CAT ta kamfanin Graphic Systems, wadda ke haska siffar harafi a kan takardar hoto. Tana ɗaukar zubin haruffa huɗu a lokaci guda, da girma 15 daban-daban. Ossanna ya faɗaɗa nroff don ta sarrafa wannan na'ura, ya kira sabuwar troff. Yanzu dole manhajar ta san faɗin kowane harafi, domin a ɗab'i m ta fi i faɗi, ba kamar a tafireta ba. Da farko ya rubuta ta da harshen da ya fi kusa da na'urar PDP-11, sannan wajen 1975 ya sake rubuta ta da harshen C, inda tushe ɗaya ke haifar da nroff da troff duka.

Wannan haɗin shi ne ginshiƙin aikinsa. Fayil ɗaya, in an ba nroff ta fitar da rubutu zalla, in an ba troff ta fitar da shafin littafi. Inda ake son bambanci, marubuci zai rubuta .if n don abin da ya shafi nroff kaɗai, ko .if t don troff.

Wasu suka ɗora nasu aikin a kai. Brian Kernighan da Lorinda Cherry suka rubuta eqn don lissafi, Mike Lesk ya rubuta tbl don jadawali da kuma makirorin ms don maƙalu. Littafin harshen C na Kernighan da Ritchie da ya fito a 1978 da waɗannan kayan aiki aka shirya shi.

Shafukan jagora

Littafin jagorar Unix na farko ya fito ranar 3 ga Nuwamba, 1971. Thompson da Ritchie ne suka rubuta shi bisa matsin McIlroy, kuma sunan Ossanna yana cikin tarihin wannan bugu a matsayin marubucin wc, ƙaramin umarnin ƙirga kalmomi. Kowane umarni yana da shafinsa mai tsari ɗaya: suna da bayanin layi guda, yadda ake kiransa, cikakken bayani, fayilolin da yake taɓawa, shafuka masu alaƙa, da sashe na musamman inda marubuci ke faɗin kurakuran manhajarsa da kansa. Bugu na huɗu, na 1973, shi ne na farko da aka shirya da troff. Makirorin man da ake amfani da su yanzu, irin su .TH na kan shafi da .SH na kan sashe, sun zo da bugu na bakwai a 1979, bayan mutuwar Ossanna, amma a kan harshensa suke zaune.

Har yanzu ana ganin sawun tsohuwar Teletype a nan. Don ta yi harafi mai kauri, nroff takan buga harafin, ta koma baya, ta sake buga shi a kansa. Don jan layi a ƙasa kuma ta buga alamar layin, ta koma baya, ta ɗora harafin. Manhajar less tana gane wannan ta nuna shi daidai a allo, wanda kuma yake son rubutu zalla sai ya bi da shi ta umarnin col -b ya share.

Mutuwa

Ossanna ya mutu sakamakon ciwon zuciya a Morristown, jihar New Jersey, ranar 28 ga Nuwamba, 1977, saura kwana 12 ya cika shekara 49. Ya bar troff mai layi kusan 7,000 na harshen C, kusan babu bayani a cikinta, kuma an ɗinka ta ne daidai jikin na'urar CAT. Da Bell Labs ta sayi sabuwar na'ura, Linotron 202, a 1979, Kernighan ne ya ɗauki nauyin kwance wannan ɗinki. Ya sa troff ta riƙa fitar da bayanin shafi da bai dogara da wata na'ura ba, sannan wata ƙaramar manhaja ta fassara shi ga kowace na'urar ɗab'i. Harshen umarnin kuwa ya bar shi kusan yadda ya same shi.

Bayan mutuwarsa

A fagen littattafan lissafi da kimiyya, TeX na Donald Knuth ya karɓe yawancin filin. Shafukan jagora ne suka riƙe harshen Ossanna. James Clark ya sake rubuta manhajar gaba ɗaya don aikin GNU da sunan groff, wadda ta fara fitowa a 1990, kuma ita ce ke bayan umarnin man a yawancin tsarin Linux. OpenBSD da FreeBSD suna amfani da mandoc, wadda aka yi musamman don shafukan jagora.

Masu rubuta manhaja da yawa a yau ba sa buga umarnin roff da hannu. Sukan rubuta bayani a tsari mai sauƙi, wata manhaja ta juya shi. A harshen Perl ana saka bayanin cikin fayil ɗin manhajar kanta da tsarin POD, sai pod2man ta mayar da shi shafin jagora, pod2text kuma ta mayar da shi rubutu zalla. Manhajar help2man tana gina shafi daga saƙon taimakon da umarni ke nunawa, pandoc kuma tana yin haka daga Markdown. Duk wadda za ta fitar da shafin jagora a cikinsu dole ta bi dokokin da Ossanna ya kafa. Misali, layin rubutu da ya fara da ɗigo za a ɗauke shi umarni ne ya ɓace daga shafin, don haka sai an sa masa alamar \& a gaba. Haka kuma karan haɗa kalma daban yake da alamar ragi da ake sa wa zaɓin umarni, wadda ake rubutawa \-, kuma in aka haɗa su, wanda ya kwafi umarni daga shafi zai iya samun abin da ba zai yi aiki ba.

Ta fuskar harshe, don Ingilishi aka gina troff. Tana raba kalma a ƙarshen layi ne da jadawalin ɗafa-ƙeya na Ingilishi da na haruffa bibbiyu masu bin juna, shi ya sa pod2man ke kashe rabon kalma da umarnin .nh a farkon kowane shafin da ta fitar, don kada a tsinka sunan fayil ko na umarni. Harafin da babu shi a madannai ana kiransa da suna mai alama biyu, kamar \(*a don alfa ta Girkanci. Haruffa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ ba su da irin wannan suna a jerin Ossanna, kuma shekaru da yawa pod2man tana sa X a madadin duk harafin da ba ta sani ba, don gudun rikita tsofaffin nau'o'in nroff. Sababbin nau'o'in groff da mandoc da pod2man suna karɓar UTF-8, saboda haka yanzu ana iya rubuta shafin jagora da cikakkun haruffan Hausa.

Jagorar nroff da troff da Ossanna ya rubuta ta fito a watan Oktoba na 1976, Bell Labs ta ba ta lamba 54 a jerin rahotanninta na kimiyyar kwamfuta. Kernighan ya sabunta ta a 1992, kuma wannan bugun yana ɗauke da sunayensu su biyu.